Gyaran Ƙashin Bayan Dabba da Hannu: Bayani Ga Masu Dawaki da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Gyaran ƙashin baya da hannu, wanda a ƙasashen Turai da Amurka ake kira kairofraktik, wata hanya ce ta jinya da ake amfani da hannu a danna ko a motsa gaɓoɓin ƙashin baya, da nufin rage ciwo da sassauta gaɓar da ta sandare. An fara ta ne ga mutane, daga baya aka mayar da ita kan dabbobi, musamman dawaki da karnuka. Likitocin dabbobi suna sanya ta cikin jerin hanyoyin tallafi, wato waɗanda ake ƙarawa a kan maganin asibiti bayan an gano cuta.

Wannan bayani ya shafi mazauna Kwarbai da sauran unguwannin cikin ganuwar Zariya, inda ake kiwon dawaki domin Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, haka kuma ya shafi manoman karkara masu jakuna da shanun huɗa. Manufarsa ita ce mai dabba ya san abin da hannu ke iya gyarawa, ya kuma san alamomin da ke nuna cewa taɓa bayan dabba haɗari ne.

Asalin wannan hanya

Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya kafa wannan hanya a garin Davenport na Jihar Iowa ta Amurka a shekarar 1895. Sunanta ya samo asali daga harshen Girka, ma'anarsa abin da aka yi da hannu. Palmer ya ɗauka cewa yawancin cututtuka suna tasowa ne daga ɗan gocewar gaɓoɓin ƙashin baya. Binciken kimiyya bai tabbatar da wannan ra'ayi ba, domin an san cewa cututtuka da dama ƙwayoyin cuta ne ke kawo su.

Koyar da wannan aiki a kan dabbobi bisa tsari ya kankama ne a ƙarshen shekarun 1980, ta hannun Sharon Willoughby, likitar dabbobi wadda ta haɗa da karatun kairofraktik. A 1989 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki a kan dabbobi a Amurka. A Ingila kuwa, doka ta yarda wanda ba likitan dabbobi ba ya yi irin wannan jinya ne kawai idan likita ya riga ya duba dabbar kuma ya ba da umarni.

Yadda bayan dabba yake

Ƙashin bayan doki jerin ƙananan ƙasusuwa ne da suka taso daga ƙeya zuwa jela: 7 a wuya, 18 a ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 6 a ƙugu, 5 da suka haɗe wuri guda a kuturi, sai na jela. Jaki yakan kasance da 5 a ƙugu, saniya kuma tana da 13 a ƙirji. Laka tana bi ta tsakiyar waɗannan ƙasusuwa, kuma daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa ƙafafu da sauran jiki. Saboda haka duk wani ƙarfi da aka sa a kan ƙashin da ya tsage yana iya taɓa laka, dabba ta shanye ta kasa tashi har abada.

Mai gyaran da ya sami horo yakan shafa bayan dabba gaɓa bayan gaɓa, ya nemo inda motsi ya ragu, sa'annan ya yi ɗan dannawa mai sauri da tafin hannu a kan gaɓa guda. Ba a amfani da guduma ko igiya, ba a kuma kayar da dabba. Ƙasusuwan bayan doki suna ɗaure da tsoka da jijiyoyi masu kauri, don haka hannun mutum ba ya mayar da ƙashin da ya goce da gaske. Abin da hannu ke yi shi ne motsa gaɓa da sassauta tsoka.

Abin da bincike ya nuna

An gudanar da wasu gwaje-gwaje a kan dawaki, daga cikinsu akwai waɗanda Kevin Haussler ya yi a lokacin da yake Jami'ar Jihar Colorado a Amurka. Sakamakon ya nuna cewa bayan irin wannan jinya, bayan doki yakan ƙara lanƙwasuwa, kuma jin zafin dannawa yakan ragu na wani ɗan lokaci. Sai dai dawakin da aka gwada ba su da yawa, kuma ba a bi su na tsawon lokaci ba. Babu wata hujja da ke nuna cewa wannan hanya tana warkar da zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko tsutsar ciki, ko rashin haihuwa, ko wata cuta mai yaɗuwa.

Ɗori da tausa a ƙasar Hausa

Kairofraktik bai yaɗu a Arewacin Nijeriya ba. Abin da jama'a suka sani tun kaka da kakanni shi ne ɗori, sana'ar da ake gado a gida, inda maɗori ke duba karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karan ɗori. Makiyaya ma sukan ɗora ƙafar akuya ko tunkiya ko maraƙi, kuma sau da yawa ƙaramar dabba takan warke idan karayar tana ƙasan gwiwa kuma ƙashi bai huda fata ba. A bargar sarakuna, inda a al'adance Shamaki ke kula da dawaki, barorin doki sun saba da tausa da gashi da ruwan ɗumi bayan doguwar tafiya.

Ɗori ya shafi ƙashin da ya karye, gyaran baya da hannu kuwa ya shafi gaɓar da ba ta karye ba. Dokar da ta haɗa su guda ce: a san ciwon kafin a taɓa. Karayar ƙafar babban doki ta bambanta da ta akuya, domin nauyin jikinsa da rashin iya doguwar kwanciya suna hana ƙashi haɗewa, kuma hukunci a kan irin wannan na likita ne.

Abubuwan da suka fi jawo ciwon baya

Yawancin ciwon bayan doki yana da sanadi a wajen ƙashin baya, kuma matuƙar ba a kawar da sanadin ba, tausa ba za ta yi amfani mai ɗorewa ba.

1. Sirdin da bai dace da bayan doki ba, wanda ke danne tudun kafaɗa ko ya zarce haƙarƙari na ƙarshe ya hau ƙugu. Alamarsa miki, ko kumburi, ko farin gashi a inda sirdi ke zama.

2. Nauyi fiye da kima. Masana sukan ba da shawarar kada mahayi da kayan doki su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Dokin da ya kai kilo 300 ke nan bai kamata ya daɗe da fiye da kilo 60 ba. A ranar hawa, sirdi da jalala da likkafa da lifidi duk suna cikin lissafi.

3. Ɗaure doki a turke wata da watanni, sa'annan a fito da shi ana gobe Sallah a sa shi sukuwa da tirjiya.

4. Ciwon ƙafa ko kofaton da ya yi tsawo. Dokin da ke ɗingishi yakan karkatar da bayansa domin ya sauƙaƙa wa ƙafar, daga nan baya ya ɗauki ciwo. Ana so a gyara kofato duk bayan mako 6 zuwa 8.

5. Ga jaki, akumarin da ya mutu da mangalar da ta rinjayi gefe guda. Ga shanun huɗa kuwa, karkiyar da ba a sassaƙa ta daidai ba.

Lokutan da ba a taɓa bayan dabba

Akwai cututtukan da ke kama da ciwon baya alhali ba shi ba ne. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, sai a nemi likita ba tare da jinkiri ba:

1. Dabba ta faɗi ko mota ta buge ta, ta kasa tashi ko tana jan ƙafafun baya.

2. Jiki ya sandare, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, kunnuwa sun miƙe, jela ta ɗaga. Wannan alamar cutar sarƙewar haƙora ce, wadda ke shiga ta rauni, kuma akwai rigakafinta.

3. Tangaɗi da dalalar da miyau da sauyin hali, musamman bayan cizon kare. Ana tsoron cutar haukan kare, wadda ke kama mutum kuma take kisa. Kada kowa ya sa hannu a bakin dabbar.

4. Kumburi mai fitar da mugunya a tudun kafaɗa ko ƙeya. Yana iya zama bakkale, wadda dawaki ke ɗauka daga shanu, kuma tana kama mai wanke mikin da hannu tsirara.

5. Rama da kasala da raunin ƙafafun baya tare da zazzaɓi, kamar yadda ake gani a sammore. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5.

6. Birgima da waiwayen ciki da tonon ƙasa, wato ciwon ciki, wanda kan kashe doki cikin sa'o'i.

Inda za a nemi taimako

Mutanen Zariya suna da sa'ar kusanci da masana. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitin koyarwa a Samaru, inda ake duba manyan dabbobi. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika, sai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ce ke yi wa likitoci rajista, kuma mai dabba yana da haƙƙin tambayar shaidar duk wanda ya zo masa da sunan likita.

Kira ga jami'ai da masu unguwanni

Ana kira ga jami'an gona na ƙananan hukumomi da dagatai da masu unguwanni da su riƙa tunatar da masu dawaki su fara motsa dawakinsu a hankali makonni kafin hawa, su duba sirdi da majayi, su kuma yi rigakafi a kan lokaci. Duk dabbar da ta nuna alamar haukan kare, a killace ta a sanar da ofishin lafiyar dabbobi nan take. Wanda kuma kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

Tausa da gyaran baya da hannu suna iya sauƙaƙa wa dabbar da tsokarta ta gaji ko gaɓarta ta sandare, muddin likitan dabbobi ya duba ya tabbatar babu karaya kuma babu cuta. Mai dabba ya bi matakai daki-daki: ya sauke sirdi ya hutar da dabba, ya duba baya da kofato, ya kai ta wurin likita, sa'annan ya nemi mai tausa idan likita ya yarda.