Ajiya da Mabuɗinta: Abin da Kan Sami Takardun Sirri Idan Ma'ajiya Ta Canza Hannu

Gabatarwa

Tun can da daɗewa Bahaushe ya san ba da ajiya. Falke mai niyyar tafiya Gwanja yakan bar dukiyarsa wurin mai masaukinsa, manomi kuma yakan kai takardar gonarsa gidan liman ko gidan dagaci. Dalili shi ne mai ajiya mutum ne da aka sani, aka san gidansu, aka kuma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ran da bukata ta taso. A wannan zamani kuwa ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suna ba kamfanoni ajiyar takardunsu a rumbunan intanet, watau manyan kwamfutocin da ke girke a wasu ƙasashe masu nisa. Don gudun kada wani ya leƙa, akan kulle takardun da lambobin sirri, rubutun ya hautsine, ba mai iya karanta shi sai wanda ke riƙe da mabuɗi.

To, kamfani haja ne, ana sayensa ana sayar da shi. Tambayar da wannan lacca ta ɗauko ita ce: mene ne makomar ajiyar nan idan wani ya saye kamfanin da ya yi kwaɗon? Amsar da tarihi ya bayar, daga na ƙasar Hausa har zuwa na Turai, ita ce ƙarfin kwaɗo ba ya isa shi kaɗai. Alkawarin da aka ƙulla da tsohon mai gida yakan koma hannun sabo, shi kuwa sabon yana da tasa manufar.

Kamfanin da gwamnati ta saye

A shekarar 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin ciniki na George Goldie, ya koma da takardun da ya ce yarjejeniya ce da sarakunan. Har yau masana tarihi suna da ja a kan abin da takardun suka ƙunsa, da kuma yadda aka fassara wa sarakunan su, domin a nasu ganin ba su ba baƙin kome ba illa iznin ciniki. A 1886 kamfanin ya sami takardar izni daga gwamnatin Ingila, ya koma Royal Niger Company. Da waɗannan takardu ne Ingila ta kafa hujja a gaban Faransa a 1890 cewa ƙasar Sakkwato tana cikin rabonta.

Sa'an nan a ƙarshen 1899 gwamnatin Ingila ta soke iznin kamfanin, ta biya shi fam 865,000, ta karɓi ikonsa da yarjejeniyoyinsa. Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin a Lakwaja, Lugga ya ɗaga ta Ingila. Ba wanda ya nemi shawarar Sarkin Musulmi Abdurrahman a kan wannan ciniki. Takardar da aka ce an yi da 'yan kasuwa ta wayi gari a hannun gwamnati mai soja da igwa. Ɓangaren cinikin ma bai tsaya wuri guda ba, don kuwa kamfanin Lever Brothers ya saye shi a 1920, daga baya ya narke cikin UAC a 1929. Darasi na farko ke nan: wanda aka yi alkawari da shi yau, ba lalle ne shi za a tarar gobe ba.

Wasiƙun gidan Waziri

A tsarin daular Usmaniyya, Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, har da Kano da Zazzau. Saboda haka wasiƙun sarakunan nan a gidansa suke taruwa. Ana rubuta su da Larabci, a buga hatimi, a danƙa wa amintaccen manzo, sau da yawa kuma muhimmiyar maganar tana bakin manzon, ba a kan takarda ba. Harshen da hatimin da manzon su ne matakan tsaro na wancan zamani, sun kuma wadatar muddin gidan yana hannun masu shi.

Ran 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Turawa, a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da Waziri Buhari. Turawa suka sami tarin wasiƙu a gidan Waziri, na sarakunan da suka riƙa kai rahoton motsin Nasara da neman shawara. Larabci bai zama shamaki ba, domin sababbin masu mulki suna da tafintoci da malamai. A 1927 wani jami'in mulki, H. F. Backwell, ya fassara wasiƙun zuwa Ingilishi, gwamnati ta buga su a Ikko. Maganar da aka yi tsakanin sarki da shugabansa ta zama littafin da kowa ke iya saye. Daidai ne a ce masu nazarin tarihi sun ci moriyar wannan littafi, amma waɗanda suka rubuta wasiƙun ba don idon Turawa suka rubuta ba. A ɗaya gefen kuma, takardun da suka saura a hannun zuriyar gidan, waɗanda Waziri Junaidu ya adana, su ne suka zama ginshiƙin binciken Murray Last a kan daular, wanda aka buga a 1967. Abin da ya raba makomar kashi biyun nan shi ne hannun da kowannensu ya faɗa.

Mai ƙera kwaɗo ya sayar da maƙera

Wani zai ce ai Larabci ba kulle ba ne na haƙiƙa, kullen lissafi irin na zamani kuwa ba ya ɓalluwa. Labarin kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan ya isa amsa. Boris Hagelin, mutumin Suwidin, shi ya kafa shi a 1952, yana ƙera injunan hautsina saƙo, ƙasashe fiye da 120 kuma suka yi ciniki da shi, har da Nijeriya, saboda amincewar da aka yi wa Suwizalan a matsayin 'yar ba ruwanmu. A 1970 hukumar leƙen asiri ta Amurka, CIA, da takwararta ta Jamus ta Yamma suka saye kamfanin a ɓoye. Suna bai canza ba, tambari bai canza ba, amma injunan da ake sayar wa ƙasashe da yawa an raunana lissafinsu da gangan, yadda masu kamfanin za su karanta saƙonnin jakadu da na soja cikin sauƙi. Jamusawa sun janye a 1993, Amurkawa suka ci gaba har 2018. Cikakken bayanin bai fito fili ba sai a watan Fabrairu 2020, sa'ad da jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF suka bankaɗo shi.

Darasin da ke nan yana da nauyi ga takardun intanet. Manhajar da ke kulle fayil kamfani ne ke rubuta ta, shi ne kuma ke aiko da sabon zubinta lokaci lokaci. Wanda ya mallaki kamfanin ya mallaki ikon sauya kwaɗon, mai ajiya kuwa ba shi da hanyar ganewa da idonsa, sai fa in an baje lissafin manhajar a fili inda masana masu zaman kansu za su bincika.

Rumbunan intanet

Misalan wannan ƙarni sun nuna cewa abin da ya fi yawan aukuwa ba leƙe ba ne, rufe rumbu ne. Wuala rumbu ne da aka ƙirƙiro a Suwizalan, wanda yake kulle fayil tun a kwamfutar mai shi kafin ya tafi ajiya. Kamfanin LaCie ya haɗe shi a 2009, Seagate ya saye LaCie a 2012, a 2015 kuma aka sanar da rufe Wuala, aka ba mutane 'yan watanni su kwashe kayansu, aka share abin da ya rage ran 15 ga Nuwamba.

Boxcryptor kuwa, na birnin Augsburg a Jamus, ba rumbu ba ne, kwaɗo ne da mutum ke sa wa fayilolinsa kafin ya kai su rumbun wasu, irin su Dropbox da Google Drive. A watan Nuwamba 2022 Dropbox ya saye fasahar. An sanar cewa mabuɗan masu hulɗa da bayanansu ba sa cikin cinikin, amma aka daina karɓar sababbin mutane, aka rufe asusun kyauta a ƙarshen Janairu 2023, masu biya kuma aka bar su zuwa ƙarewar wa'adinsu. Fayilolin suna nan lafiya a rumbu, sai dai dole kowa ya kwance nasa kafin lokaci ya ƙure, in ba haka ba ya zauna da akwati a kulle alhali mai gyaran kwaɗon ya tashi. Haka nan Notion ya saye Skiff a watan Fabrairu 2024, aka rufe shi bayan wata shida. Ba kullum ne ciniki ke ƙarewa da rufewa ba, domin hukumar gidan waya ta Suwizalan ta sayi mafi yawan hannun jarin Tresorit a 2021, aikin kuma ya ɗore. Amma a dukan misalan nan mai saye ne ya yanke hukunci, mai ajiya sanarwa kawai ya samu.

Daga Saulawa zuwa gidan tarihi na Kaduna

Ana iya auna girman wannan al'amari da abin da ya faru a ƙasar Zazzau. A zamanin En'e, malamin dagaci a gari irin Saulawa yakan rubuta sunayen masu haraji, lissafin ya wuce wurin hakimi, daga nan zuwa En'e ta Zariya da ofishin Razdan. Mulki ya yi ta canza hannu: 'yancin kai a 1960, rushe Jihar Arewa da ƙirƙiro jihohi a 1967, gyaran ƙananan hukumomi a 1976, har aka kai ga Ikara da Maƙarfi da Kudan kowace da ƙaramar hukumarta. An yi asarar takardu ga gara da ɗigar ruwa da sakaci, amma abin da ya tsira, kamar fayilolin Lardin Zariya da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, kowane mai ilmi yana iya buɗewa ya karanta, ko da hukumar da ta rubuta su ta daɗe da shuɗewa.

Fayil da aka kulle da lambobin sirri ba haka yake ba. Gara ba ta cinsa, amma in mabuɗi ya ɓata ko manhajar ta mutu, ya tafi ke nan gaba ɗaya. Alal misali, in ofishin ilmi ya zuba bayanan aikin malaman firamare a irin wannan rumbu, mabuɗin yana kan akawu guda, sanarwar rufewa kuma ta tafi adireshin da ba mai dubawa, to, malamin da ya shekara talatin da biyar yana koyarwa zai zo neman fansho a rasa shaidar ranar da aka ɗauke shi aiki.

Kammalawa

Tarihin nan ya bar wa ma'aikaci da ɗalibi ka'idoji huɗu. Na farko, mabuɗi ya zauna a hannun mai ajiya, a ofis kuma a hannun jami'ai fiye da ɗaya, a rubuce cikin takardar miƙa aiki. Na biyu, a riƙe kwafe na biyu a gida, a kuma riƙa gwada buɗe shi lokaci lokaci. Na uku, a fifita kwaɗon da lissafinsa yake a fili, wanda manhajar wani kamfani dabam za ta iya buɗewa. Na huɗu, kafin a sa hannu a kwangila a nemi sanin abin da ta tanada idan aka sayar da kamfanin: wa'adi nawa za a bayar, a wace ƙasa ajiyar za ta koma, dokar wa za ta hau kanta. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a wuyan hukumar da ta tattara su, ko da ta ba wani ajiya. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Sarakunan 1903 ƙarfin bindiga ne ya raba su da takardunsu, ma'aikacin yau kuwa yana da sararin yin tanadi tun kafin sanarwa ta iso.