Yadda Jirgin Ƙasa Ya Sauya Fatauci a Kano

Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataucin goro na cikin manyan sana'o'in ƙasar Kano. Fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan haɗa ayari da rani su nufi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take karɓar goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Sukan loda wa jakuna da takarkarai kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu. Tafiya da dawowa kan ci watanni da yawa.

Ayari yana da tsarinsa. Madugu ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke yanke shawarar inda za a yada zango. Jagaba yana gaba yana duba hanya, malamin ayari kuma yana rubutu da addu'a. Bayan su akwai 'yan dako da masu kora dabbobi, da mata masu girki. A kowane zango akwai fatoma mai saukar da baƙi, wanda ke ajiye musu kaya ya haɗa su da dillalai. Sana'ar duka ta dogara ne a kan sanin hanya da amana, domin goro kaya ne mai saurin lalacewa, sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa.

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, haɗe da layin Legas. Nisan da ayari ke yi a makonni sai ya koma na 'yan kwanaki. Goron Asante ya riƙa bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan jirgin ƙasa ya hauro da shi. Wannan ya rage amfanin madugu da jagaba, zangunan tsohuwar hanya suka yi sanyi. Cinikin Sahara zuwa Tarabulus, wanda dama ya fara ja da baya, ya ƙara durƙushewa, saboda fatun Kano sun sami hanyar teku mafi araha.

Burin Turawa shi ne jirgin ya kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi, kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi tsanani. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, don haka suka jingina da tsofaffin fatake masu jari da yara a ko'ina. Fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, wanda ya yi cinikin goro a Kumasi da Akara kafin ya dawo Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Sababbin ayyuka sun tsiro a kewayen tasha: 'yan baranda masu tara gyaɗa a ƙauyuka, akawuna masu awo a sikeli, da leburori masu jera buhuna har su zama dala idan taragu suka yi ƙaranci. Jakuna ba su yi ritaya nan take ba, sun koma jigilar gyaɗa daga ƙauye zuwa tasha, har manyan motoci suka karɓe aikin. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni daga kudu suka cika Sabon Gari, Kwarori kuma suka buɗe kantuna. Da layin ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, waɗannan garuruwa ma suka zama cibiyoyin saye.

Shi kansa goro ya sauya mazauni. Manoman ƙasar Yarbawa sun dasa shi da yawa a wurare kamar Agege da Shagamu, Hausawa 'yan kasuwa suka kafa unguwannin Sabo a Shagamu da Ibadan. Tsarin mai gida (wato fatoma) da dillali, wanda aka gada daga zangunan Gwanja, shi ne ya ci gaba da riƙe cinikin goro a waɗannan unguwanni, ko da yake kaya sun bar bayan jaki sun koma tarago, daga baya kuma babbar mota.