Rawar Karkara da Taskar Intanet: Giɓin da Ke Kudancin Kano

Rawa ilimi ce da ke zaune a jikin mutum. Rubutu kan kawo sunan kiɗa da lokacin yinsa, kamar yadda David Ames da Anthony King suka yi a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa a 1971, amma takun ƙafa da karyawar kafaɗa sai ido ya gani. Shi ya sa bidiyo ya zama babban makamin mai nazarin rawa da wasan kwaikwayo da suturarsu. Matsayar wannan maƙala ita ce, abin da intanet ya tanada na wasannin Hausawa ya karkata ga fada da birni, kason karkara kuwa ɓarɓashi ne da ba ya ɗaukar nazari.

A fara da abin da ke akwai. A 2014 kamfanin British Pathé ya ɗora finafinai kusan 85,000 a YouTube, ciki har da hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. A Disamba 2024 kuma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Ɗalibi na iya tsayar da hoto ya ƙare wa lifidi da sulke da alkyabba kallo, ya gwada na jiya da na yau. Rawar ƙoroso ma tana samuwa, domin ta daɗe da hawa dandamalin bukukuwan gwamnati. Duk wannan riba ce, sai dai kyamara ta saba bin inda mulki yake.

Ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce, wasanninta kuma da shekarar manomi suke tafiya: gangar noma a wajen gayya, kalankuwa bayan kaka, wasan tauri da rani, sharon Fulani, tashe idan azumi ya kwana goma, gaɗar 'yan mata a farin wata. Wanda ya neme su zai tsinci gutsattsari a TikTok da Facebook. Ga misalin irin abin da ake gani: ɗan tauri a tsakiyar fage, guru a ƙugu, kambu a damtse, yana goga wuƙa a ciki, ƙura ta turnuƙe. Tsawon hoton daƙiƙa talatin ne, an kuma shafe sautinsa an ɗora waƙar fim. Nan aka yi asarar. Ɗan tauri ba ya tsuma sai makaɗi ya kaɗa masa takensa, maroƙi ya yi masa kirari. In aka cire take, an raba motsi da dalilinsa. Ba sunan gari, ba shekara, ba a san makaɗin ba. Irin wannan hoto ya isa nishaɗi, amma mai bincike ba zai kafa hujja da shi ba.

Haka lamarin yake ga sutura. Warki da layu da ƙoroson da ake ɗaurawa a ƙafa aikin hannun wasu ne. Nazari yana buƙatar a matso da kyamara a ga ɗinkin baduku, a tambayi wace fata ce, a ji ko baƙin rigar rinin Kura ne. Hoton da aka ɗauka daga nesa ba ya amsa ko ɗaya.

Wani zai ce tunda kowa na da waya, ai komai ya adanu. Abin ba haka yake ba. Waya kan faɗa ruwa, shafi kan rufe, kamfani kan sauya ƙa'ida. Ko Ɗakin Karatu na Birtaniya, da duk ƙarfinsa, harin da aka kai wa kwamfutocinsa a Oktoba 2023 ya toshe taskokinsa na intanet wata da watanni. Wani kuma zai ce cikin wasannin nan akwai abin da addini ya hana ko kunya ta rufe. Wannan magana ce mai nauyi, amsarta kuwa ita ce adanawa daban, yayatawa daban. Wasan da mata ke yi a cikin gida ba a ɗaukarsa sai da yardarsu, kuma ana iya ajiye shi ga manazarta kaɗai.

Aikin bai fi ƙarfin Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa ba. A horar da ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙananan hukumomi su ɗauki wasa tun daga haɗuwar fage har watsewarsa, da sautinsa na ainihi. A rubuta gari da rana da sunan kiɗa, a zauna da makaɗi ya fassara abin da gangarsa ke faɗa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a mayar wa garin da nasa.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Galmar shanu da tarakta sun rage gayya, lasifika ta karɓe fagen biki. Tsohon da ya san taken kowane manomi a Kiru ko Riruwai yana nan da ransa bana, kuma shi kaɗai zai iya gaya wa kyamara wa ganga take kira.