Diyyar Kuskuren Magani: Daga Askar Wanzami zuwa Asibitin Zana

Kafin allura da farar riga su iso Malumfashi, lafiyar jama'a tana hannun wanzami da ungozoma da maɗori da mai saiwa. Wanzami ke cire beli, shi ke yin ƙaho, shi ke yi wa yara kaciya idan sanyi ya shigo. In aska ta zarce ko jiƙo ya fi ƙarfin yaro, sai a ce kwana ne ya ƙare, an bar wa Allah. Masanin nan ɗan Ingila, Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan yankin wajen 1970, ya lura cewa mara lafiya kan zaga daga boka zuwa malam zuwa asibiti ba tare da ya matsa sai ya san abin da aka ba shi ba.

Sai dai littattafan da alƙalan ƙasar Katsina suka karanta ba su tsaya ga haƙuri kaɗai ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yi hukunci a kan mai kaciyar da ya yanke fiye da ƙa'ida: diyya ta wajaba, kuma danginsa na wajen uba su ke biya, kamar kowane kuskure. Malaman Malikiyya sun kuma bambanta gwanin da hannunsa ya kuskure da wanda ya kutsa cikin sana'ar bai iya ba. Na biyun, bayan alhakin da ya ɗauka, hukuma na iya hore shi. Wato haƙƙin neman diyya tsoho ne a ƙasar Hausa. Kunya da zumunci ne suka danne shi, domin wanzamin da za a kai ƙara shi ne wanda ya yi wa kakan gidan aski.

Babbar jarrabawa ta zo a 1996, shekarar da sanƙarau ya ratsa Arewa ya kashe mutum kusan 12,000. Ana tsakiyar annobar, kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, da sabon magani mai suna Trovan. An ɗebi yara 200, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda aka riga aka san amfaninta. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne awon magani. Bayan allurar farko, an rage wa yaran rukuni na biyu adadin ceftriaxone zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka saba bayarwa. Kamfanin ya ce don a rage zafin allura ne, kuma adadin ya wadatar. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma iyaye sun amince da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, alhali likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna cikin asibitin suna ba da maganin da aka sani. Takardar amincewa da sa hannun iyaye babu ita. Takardar izinin kwamitin asibiti kuwa, daga baya ta bayyana cewa an mayar da kwanan watanta baya ne.

Shekara huɗu aka yi shiru, sai da jaridar Washington Post ta tono zancen a Disamba 2000. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, rahotonsa ya kwanta a aljihun tebur har 2006. Iyalai sun kai ƙara New York a 2001, gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da tata a 2007. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a.

Nan ma rashin takarda ya sake cin talaka. Mutum 547 suka fito neman kason yara 200, sai kwamitin rabon kuɗin ƙarƙashin Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali ya koma ga gwajin ƙwayar halitta don tantance su. Sai a Agusta 2011, shekara 15 bayan jana'iza, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Kafin nan rashin yarda ya riga ya yi ɓarna, domin an riƙa ambaton Trovan lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003.

Manomin Malumfashi ko Funtuwa ba ya fuskantar kamfanin Amurka. Abokin hulɗarsa shi ne mai kyamis na bakin kasuwa, wanda ke ƙirga ƙwayoyi kala-kala a ƙulla masa a leda, ba suna, ba rasit. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, kuma an kai ga ɗaure jami'an kamfanin da ya haɗa shi a 2013 ne saboda kwalaben suna nan, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta auna ta ga guba. Ƙullin leda ba ya barin irin wannan shaida.

Hanyoyin ƙorafi a yau biyu ne, kuma jama'a kan rikita su. Majalisar kula da likitoci, MDCN, na iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ta ba da ko sisi. Kuɗi sai a kotu, inda ake buƙatar katin asibiti, takardar magani, ragowar kwalba, da wani likitan da zai yarda ya ba da shaida a kan ɗan uwansa. Idan asibitin gwamnati ne, lauyoyinsa kan kafa hujja da dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ba mai ƙara wata uku kacal, alhali iyalin da aka yi wa rasuwa sukan kai sadakar arba'in kafin wani ya tuna da katin.