Daga Ƙofar Shago Zuwa Ƙarfen Sabis: Waya da Ciniki a Sabon Birni da Isa

Duk wanda ya taɓa sayayya a kasuwannin garuruwanmu ya ga wannan: an gama ciniki, mai saye ya ce zai yi tiransifa, sai mai shago ya fito bakin ƙofa ya ɗaga waya sama yana jiran alat. Wannan 'yar fitar tana da tarihi, kuma a gabashin Sakkwato tarihin ya fi na sauran wurare nauyi.

Sabon Birni da Isa ƙasar Gobir ce. A yankin Sabon Birni kufan Alkalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan haka wani ɓangare na Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu, amma hatsi da dabbobi da labarin farashi ba su daina ƙetarawa ba. Ɗan kasuwar wancan zamani yana jin farashi ne daga bakin fatake, daga baya kuma daga direbobin mota.

Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma galibinsu a manyan birane suke. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, Glo ta shigo a 2003. Sannu a hankali ƙarafan sabis suka iso ƙananan hukumomi. Mai shago a Isa ya sami damar tambayar farashin buhu a Sakkwato ko Shinkafi ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Bayan wasu shekaru aka sami tura kuɗi ta lambobin banki a ƙaramar waya, sannan na'urar POS ta zama bankin garuruwan da banki ya yi musu nisa.

A nan matsalar cikin shago ta bayyana. Sabis igiyar rediyo ce, tana raguwa da nisa, kuma ƙarfe yana tare ta. Shago mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, wanda aka cika da buhuna har sama, kamar akwati yake. Tsohon tsarin 2G mai zango 900 ya fi ratsa bango, shi ya sa kira kan shiga alhali data ta ƙi. 'Yan kasuwa sun nemo dabarunsu: a matso da teburin POS bakin ƙofa, a riƙe layi biyu ko uku, mai hali ya ɗaura eriya a kan rufi ya haɗa da sola. Akwai kuma na'urar ƙara ƙarfin sabis, wadda NCC ta yi gargaɗi kan amfani da ita ba da izini ba, domin tana dagula wa maƙwabta nasu sabis. Sai dai duk waɗannan dabaru suna ƙara abin da yake akwai ne. In ƙarfen sabis ya yi shiru, eriyar da ke kan rufi ado ce kawai.

Haka ta faru a 2021. A farkon Satumba aka katse layukan waya a jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Amma wuƙar ta yanki kowa: POS ya mutu, ɗan ci-rani a Legas ya rasa yadda zai ji lafiyar gida, wanda aka kai wa hari ya rasa hanyar kiran ɗauki. A ƙauyukan bakin iyaka wasu suka koma ga layukan Nijar, tsohuwar hanyar Gobir ta sake amfani. To amma layin Nijar ba ya buɗe asusun da aka ɗaura da lambar Najeriya, don haka ana gaisawa amma ciniki na tsaye. Hare-haren ma ba su tsaya ba: a watan Oktoba aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo.

Bayan an maido da sabis, sai wata jarrabawar ta zo ta ɗaya gefen. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Mutanen da aka raba da waya a 2021, su aka tilasta wa dogaro da waya a 2023.

A manyan kantunan Turai da Amurka, maganar sabis a cikin shago magana ce ta bango da gilashi, injiniya na iya gyara ta da na'urori. A Sabon Birni da Isa kuwa, alat ɗin da mai shago ke jira yana rataye da man da ke cikin janaretan ƙarfen sabis, man yana rataye da motar da za ta kawo shi, motar tana rataye da tsaron hanya. Duk mai son ciniki na zamani ya kankama a ƙasar Gobir, daga hanyar zai fara, kafin ya iso kan rufin shago.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.