Almajirin Gogol: Yadda Dostoyefski Ya Koyi Ƙaga Labari

A tarihin ƙagaggun labarai na ƙasar Rasha, da wuya a sami almajirin da ya yi wa malaminsa karatun ƙwaƙwaf irin wanda Fiyodo Dostoyefski ya yi wa Nikolai Gogol. Ba a aji suka haɗu ba. Lokacin da Dostoyefski yake makarantar injiniyoyin soja a birnin Fitasbag, wadda ya kammala a 1843, Gogol yana zaune a ƙasashen waje, galibi a Rum. Littattafai ne kawai tsakaninsu. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan almajirci, don mu ga abin da yaron ya ɗauka da abin da ya ƙi ɗauka.

An haifi Gogol a 1809, Dostoyefski kuwa a 1821. A shekarar 1842 Gogol ya fitar da ayyuka biyu da suka girgiza masu karatu. Na farko shi ne Matattun Rayuka, labarin wani ɗan damfara, Cicikof, mai yawo gari gari yana sayen sunayen bayin gona da suka mutu amma ba a goge su daga takardar ƙidaya ba, don ya jinginar da su ya karɓi bashi. Na biyu gajere ne, Shinel, wato Rigar Sanyi. Tauraronsa Akaki, ƙaramin akawu ne mai kwafar takardu, wanda ya yi watanni yana ƙuntata wa cikinsa har ya ɗinka sabuwar riga, aka ƙwace ta a daren ranar da ya fara sa ta. Ya kai kuka wurin wani babba, aka daka masa tsawa, ya koma gida ya kwanta ya mutu. Gugar zanar Gogol a kan ofisoshin gwamnatin Sarki Nikolas na Ɗaya take, amma shi kansa Akaki bai tsira ba. Daga waje muke kallonsa, mai ba da labari yana yi masa ba'a, shi kuwa ko magana ba ya iya kai wa ƙarshe.

Dostoyefski ya faɗa da kansa a 1877 cewa a ƙuruciya shi da abokinsa sukan kwana suna karanta Matattun Rayuka, su maimaita ba adadi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Bahaushe, shi ke kawo farin kai. Da ya ajiye aikin soja a 1844 ya zauna rubuta littafinsa na farko, Talakawa, sai ga akawun Gogol ya sake bayyana: Makar Debushkin, dattijo mai kwafar takardu, mai kwana a wani lungu na ɗakin girki. To amma a nan ne muke ganin amfanin dogon nazari. Almajirin ya lura da abin da malamin ya hana tauraronsa, wato baki, sai ya gina littafin kacokan a kan wasiƙu tsakanin Makar da wata marainiya, Barbara. Akawun ne da kansa yake ba mu labarin takalminsa da ya yage, da kunyar da yake ji in ya ratsa ofis. Abin da Akaki ya ƙwallafa rai a kai riga ce, na Makar kuwa mutum ne.

Bai tsaya nan ba. Ya sa Barbara ta ara wa Makar labarin Rigar Sanyi, ya karanta, ya ga kansa a ciki, ya fusata ƙwarai don an tona asirin talaka a bainar jama'a. A ganinmu wannan wasiƙa ita ce tarke mafi kaifi da aka yi wa Gogol a zamaninsa, kuma daga bakin wanda aka yi wa dariyar ta fito. Daga baya matarki Mikhail Bakhtin ya nuna cewa juyin da Dostoyefski ya yi ke nan: siffofin da marubuci kan jera game da tauraro sun koma abin da tauraron ya sani game da kansa, yake kuma shan azaba da shi.

A watan Mayu na 1845 mawaƙi Nekrasof da marubuci Girigorobic suka kwana suna karanta rubutun, suka buga wa Dostoyefski ƙofa da asuba, sannan Nekrasof ya kai wa babban matarkin zamanin, Belinski, albishir cewa an sami sabon Gogol. Yabo ne, amma da ƙaya a cikinsa. An buga Talakawa a Janairun 1846, bayan makonni kaɗan kuma Dibonik, wato Mai Kama, ya biyo. A nan kam almajiri ya matsa kusa da malam har ya taka masa inuwa: akawu mai taɓin hankali, da maimaita kalmomi, da surutan mai ba da labari, duk sun yi ƙamshin labarin Hanci da Littafin Mahaukaci na Gogol. Matarka irin su Konstantin Aksakof suka kira shi kwaikwayo tsagwaronsa. Shi ma marubucin bai gamsu da zubin littafin ba, ya sake masa fasali a 1866.

Sunan Gogol ya bi shi har gaban kotu. A 1847 malamin ya buga wani littafin wasiƙu na wa'azi mai goyon bayan sarauta da mallakar bayin gona, Belinski ya mayar masa da zazzafan martani wanda hukuma ta haramta. Karanta wannan martani a taron Fetrashefski yana cikin laifuffukan da suka sa aka kama Dostoyefski a Afrilun 1849. A Disamba aka fito da su filin harbi, sai a daƙiƙar ƙarshe aka sassauta hukuncin, ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk. Yana can Gogol ya ƙone kashi na biyu na Matattun Rayuka ya rasu, a 1852.

Da ya dawo fagen rubutu a 1859 ya fitar da Ƙauyen Sitefancikobo, mai ɗauke da wani cima-zaune, Foma Ofiskin, marubucin da bai yi nasara ba, wanda ya mallake gidan da ke ciyar da shi da wa'azi da kukan an zalunce shi. Sai a 1921 manazarci Yuri Tinyanof ya jera maganganun Foma kusa da wasiƙun Gogol na 1847, ya nuna cewa a wurare da dama kusan kalma da kalma aka ɗauko su.