Sukari Baƙo Ne a Sallar Maraɗi

Kafin kamfanonin Faransa su buɗe kantuna a Maraɗi suna sayen gyaɗa suna sayar da sukari, furar Salla gero ce da nono. Mai son zaƙi sai ya nemi zuma, ita kuwa tsadarta ba ta bari a sha ta kullum. Za a ce ai kakanni ma sun ci alkaki da nakiya, kuma ciwon sukari yana bin jini. Haka ne, amma alkaki da nakiya lomar biki ce, mai cinta kuma ya yini da hauya a fadamar gulbi, ko ya taka da ƙafa har Tibiri gaisuwa. Bayan ambaliyar 1945 gari ya hau tudu, kasuwa ta bunƙasa, sukari ya sauka kowane gida. Yau jikan manomin Jiratawa kabu-kabu yake hawa, duk inda ya shiga barka da Salla a dire masa lemun kwalba da shayi mai kauri. Mai ciwon sukarin da ya ce a dama masa fura ba sukari bai saɓa al'ada ba. Masu gida, ku daina matsa masa, ku tambaye shi ko ya sha maganinsa.